Jason Pargin: Marubucin Da Intanet Ta Raina, Ta Kuma Zama Dodon Littattafansa

A watan Oktoban 2001, ana shirin bikin Halowin, wanda Amurkawa ke yi a daren 31 ga wata, yara su yi shigar fatalwa su bi gida-gida karɓar alewa, wani matashi ɗan jihar Illinois ya ɗora gajeren labari a shafinsa na intanet. Labarin wasu abokai biyu ne, Dave da John, 'yan buga-buga marasa sana'ar kirki, da suka yi arba da wani dodo wanda naman cikin firji ne ya harhaɗu ya zama jikinsa. Matashin ma'aikaci ne a wani ofishin lauyoyi, aikinsa gyara kurakuran rubutu, kuma ba ya son abokan aiki su san irin shirmen da yake rubutawa da dare. Shi ya sa tun 1999, da ya buɗe shafinsa na barkwanci mai suna Pointless Waste of Time, yake sa hannu da sunan aro, David Wong. Sunansa na ainihi Jason Pargin. An haife shi a ƙaramin garin Lawrenceville a 1975, ya karanta aikin rediyo da talabijin a Jami'ar Southern Illinois.

Masu karatu suka ce sai an ci gaba. Da Halowin ta zagayo ya ƙara wani kashi, wata shekarar ya sake ƙarawa, har abin ya taru ya zama littafi mai suna John Dies at the End, wato John zai mutu a ƙarshe. Zuwa 2024 ya fitar da ƙagaggun littattafai takwas, an mayar da ɗaya fim. Duk mai son gane abin da intanet ta yi wa sana'ar rubutu cikin shekaru ashirin da ɗoriya zai iya karanta shi a rayuwar mutumin nan: ita ta koya masa salo, ita ta tara masa masu karatu, ita ta rushe gidan da yake cin abinci, kuma da tafiya ta yi nisa sai ta tashi daga matsayin kasuwar da yake baje haja ta koma abin tsoron da yake rubutu a kansa.

Kafin a je can, ya kamata a fahimci irin rubutun da ya zaɓa, domin haɗa tsoro da dariya a littafi ɗaya aiki ne mai santsi. Su biyun hanya ɗaya suke bi wajen kama zuciya. Mai labarin ban tsoro yana ja maka rai, ya kai ka bakin ƙofa, ya sa ka tsammaci wani abu, sannan ya buɗe ka ga abin da ba ka zata ba. Mai barkwanci ma haka yake yi ƙafa da ƙafa. Abin da ya fito daga bayan ƙofar ne kawai ke yanke hukuncin ko ihu za ka yi ko ƙyalƙyalewa. Matsalar ita ce kowannensu na iya kashe ɗan'uwansa. Idan aka yi wa dodo ba'a sau biyu, kwarjininsa ya zube, ba mai sake jin tsoronsa. Idan kuma jini ya yi yawa, dariya ta maƙale a maƙogwaro. Yawancin waɗanda suka gwada sukan ƙare da wasan kwaikwayon barkwanci mai kayan ado na fatalwa.

Dabarar Pargin ita ce bai taɓa dodon ba. Abin tsoron da gaske yake, mutane suna mutuwa, wasu ma ana share su daga duniya har iyayensu su manta sun taɓa haihuwarsu. Inda dariya take shi ne wajen waɗanda aka ɗora wa nauyin ceton duniya. Akwai wani tsohon marubucin Amurka, H. P. Lovecraft, wanda ya rasu a 1937, da ya shahara da labaran halittun da girmansu ya fi ƙarfin hankalin ɗan Adam, inda farfesoshi da masu bincike ke haukacewa da zarar sun hango gefen gaskiya. Pargin ya ɗauki wannan nauyin ya aza wa ma'aikacin shagon hayar fina-finai wanda babbar damuwarsa kada a kore shi daga aiki, da abokinsa wanda ba ya iya minti biyar bai yi maganar banza ba. Su biyun sun sha wata baƙar ƙwaya mai motsi da kanta, wadda ake kira Soy Sauce, ta buɗe musu ido suna ganin abin da sauran jama'a ba sa gani. Garin da suke ma Dave ya ƙi faɗin sunansa. Kuma duk labarin daga bakinsa yake fitowa, yana ba wani ɗan jarida a gidan abincin Sinawa, alhali shi da kansa ya nuna ba mutum ne da za a yi rantsuwa da zancensa ba. Barkwancin nasu kuwa, in aka duba da kyau, irin na matalaucin da ya san ba shi da mafita ne, yake wasa da dariya don kada ya fashe da kuka.

Siffar littafin farkon nan ta fito ne daga wurin da aka haife shi. Wanda ya sayi littafi da kuɗinsa zai yi haƙuri da babi biyu masu sanyi. Mai karatu a intanet bai biya ko sisi ba, kuma da taɓa maɓalli ɗaya ya tafi. Don haka kowane shafi sai an sa masa ƙugiya, ko abin mamaki, ko raha, ko tashin hankali. Marubutanmu na Hausa da ke sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad sun san wannan matsin sarai, sun san yadda ake tsayar da labari a daidai inda za a yi ta kiran “Anti a ci gaba”, sun kuma san abin da hakan ke jawowa: labari ya yi ta tsiro da rassa, a manta da wani jarumi a hanya, ƙarshe ya zo a gurguje. John Dies at the End na da wannan ciwon. Labarai ne daban-daban aka ɗinke, kuma ɗinkin na bayyana. Amma ba ya gundura, ko na shafi ɗaya.

Kimanin mutum 70,000 ne suka karanta shi kyauta a intanet. A 2007 wata ƙaramar maɗaba'a mai buga labaran ban tsoro, Permuted Press, ta fitar da shi a takarda, aka sayar da 'yan dubbai. A nan ne sa'a ta shigo ta wata kafa mai ban dariya. Don Coscarelli, daraktan da ya yi fim ɗin Phantasm a 1979, ya sha ba da labarin cewa saƙon imel ne ya shigo masa daga na'urar Amazon mai ba da shawarar saye, irin wadda ke cewa tunda ka sayi wancan littafin za ka so wannan. Sunan littafin ya ɗauki hankalinsa, ya karanta, ya sayi izinin mayar da shi fim. Bayan haka babbar maɗaba'ar St. Martin's, ta reshenta na Thomas Dunne, ta karɓa. Aka sauke labarin daga intanet a 2008, sabon bugu ya fito a 2009, fim ɗin kuma aka fara nuna shi a bikin fina-finai na Sundance a farkon 2012, da Paul Giamatti a matsayin ɗan jaridar. Bai yi kasuwa a sinima ba, sai dai ya samu 'yan gani-kashe-ninsa. A lura da abu biyu: shekara shida ya yi yana rubutun nan ba tare da ya zama hanyar cin abinci ba, kuma karatun kyautan bai hana a saya ba, shi ne ma hujjar da ta nuna wa 'yan kasuwa akwai masu so.

A 2007 ɗin dai ya samu aiki a Cracked.com. Cracked asalinta mujallar barkwanci ce ta takarda da aka kafa a 1958 tana kwaikwayon mujallar Mad, ta mutu, shafinta na intanet ya rayu ƙarƙashin edita Jack O'Brien. Pargin ya shigo da jama'ar dandalinsa, ya yi ta hawa har ya zama babban edita. Salon gidan shi ne maƙala mai jerin lambobi, abubuwa biyar ko shida da ba ka sani ba game da tarihi ko kimiyya ko fim, an cuɗa bincike da raha. Akwai kuma zauren da kowa zai iya shiga ya kawo shawarar maƙala, editoci su duba, su gyara, in ta yi a buga a biya shi. Shekara da shekaru Pargin na zaune yana tace dubban shawarwari, yana ganin alƙaluman da ke nuna wane take ne aka danna, a wane sakin layi ne mai karatu ya gudu. Ba jami'ar da ke koyar da wannan. Marubuta kaɗan ne suka taɓa samun damar kallon hankalin miliyoyin mutane yana motsi a gabansu kullum.

Maƙalunsa na kansa sun bambanta da na sauran. Wadda ya rubuta a ƙarshen 2012 kan gaskiya shida masu ɗaci ta karaɗe duniya, miliyoyi suka karanta. Saƙonta shi ne kirkinka kaɗai ba ya biya wa kowa buƙata, duniya tambayarka take me ka iya. A Oktoban 2016, makonni kafin zaɓe, ya yi wata da ke bayyana dalilin da mutanen karkarar Amurka, irin waɗanda ya taso cikinsu, suka rungumi Donald Trump, a lokacin da manyan jaridu ke ganin ba zai kai labari ba. Amma wadda ta fi tasiri a littattafansa tsohuwa ce, kan abin da ya kira Monkeysphere. Ya gina ta kan ra'ayin masanin Birtaniya Robin Dunbar, wanda ya kwatanta girman ƙwaƙwalwar birai da girman garkensu, ya ƙiyasta cewa ɗan Adam na iya riƙe alaƙa ta gaske da kimanin mutum 150. Pargin ya ce to, duk wanda ya wuce wannan da'irar ba ma ganinsa a matsayin cikakken mutum, inuwa ce kawai, shi ya sa mutuwar kyanwar gidanka za ta fi taɓa ka fiye da girgizar ƙasar da ta ci dubbai a wata nahiya.

Wannan tunanin ne ƙashin bayan littafinsa na biyu, This Book Is Full of Spiders, na 2012, wanda ya shiga jerin littattafan da suka fi kasuwa na jaridar New York Times. Wasu halittu masu kama da gizo-gizo, da ido ba ya gani, suna shiga bakin mutum su mallake shi. Aka killace garin su Dave da John. Daga nan littafin ya juya kyamararsa daga gizo-gizon zuwa mutanen waje, waɗanda suka ƙoshi da fina-finan gawawwaki masu tafiya, suka yanke hukuncin cewa duk wanda ke cikin shingen ya daina zama mutum, suka ɗauko bindigogi suna murna. Mafi yawan waɗanda ke ciki lafiyarsu ƙalau. A ganina a nan ne ya tashi daga mai ba da dariya ya zama marubucin da ke da abin faɗa. Littafin kuma ya fi na farko tsari nesa ba kusa ba, don an zauna an tsara shi daga farko zuwa ƙarshe.

A 2015 ya tsallaka zuwa almarar kimiyya da Futuristic Violence and Fancy Suits. Zoey Ashe, matashiya mai sayar da kofi da ke zaune a unguwar talakawa a Kolorado ita da kyanwarta, ta wayi gari ta gaji dukiyar uban da bai raine ta ba, hamshaƙin ɗan daba a wani sabon birni da attajirai suka gina a hamadar Utah, inda ba gwamnati, tsaro sai wanda ka saya. A duniyar littafin kowa na sanye da kyamara, komai ana watsa shi kai tsaye a wata kafa mai suna Blink. Da aka sa lada a kan Zoey, sai farautarta ta zama abin kallo, miyagu na gasar mugunta don su ƙara mabiya. Littafin ya fito kafin Facebook ta buɗe wa kowa damar watsa bidiyo kai tsaye a 2016. A Maris ɗin 2019 kuwa, wanda ya kashe masallata 51 a masallatai biyu na Christchurch a ƙasar New Zealand ya watsa ta'asarsa kai tsaye a Facebook. Wanda ya karanta littafin bayan wannan ranar ba zai yi dariya a wuraren da mai karatun 2015 ya yi ba. Ƙungiyar ɗakunan karatu ta Amurka ta ba littafin kyautar Alex a 2016, wadda ake ba littattafan manya da ke jan hankalin matasa.

Yana cikin wannan ne gidan aikinsa ya fara tsagewa. Shafuka irin su Cracked da kuɗin talla suke rayuwa, talla kuma da yawan masu shigowa, masu shigowa kuma a lokacin yawancinsu ta Facebook suke zuwa. Facebook ta karkata ga bidiyo, kafofin labarai suka bi ta a guje suna zuba jari, sai a 2016 ta amsa cewa ta daɗe tana kumbura alƙaluman tsawon lokacin da ake kallon bidiyo. A shekarar ne kamfanin E. W. Scripps ya sayi Cracked kan dala miliyan 39. A Disambar 2017 ya sallami ma'aikata 25, har da sashen bidiyo baki ɗaya. A farkon 2018 Facebook ta sauya tsarinta ta rage nuna abubuwan kafofin labarai. A 2019 aka sake sayar da Cracked. Rubutun bai lalace ba, masu karatun ba su ƙi shi ba, bututun da ke kawo su ne wani ya murɗe daga nesa. Abin da ya ci Doma kuma bai bar Awe ba, don shafukan barkwanci da na labarai da dama sun kwanta a wannan tsakanin.

Pargin ya bar Cracked a 2020 ya koma rubutun littafi zalla, ya kuma ajiye sunan David Wong. Sunan ya daɗe da daina ɓoye komai, kuma a ra'ayina farar fata ya ci gaba da sayar da littafi da sunan dangin Sinawa abu ne da sai ya yi ta bayani a kansa. Sai dai ajiye shi na da tsada, tunda sunan da masu saye suka sani ke nan a kan kanta. Ga shi kuma babu sauran shafin da zai tallata masa. Mutumin da ya yi shekaru yana ɓoye fuskarsa, yana dab da hamsin, ya ɗauki waya a 2022 ya fara gajerun bidiyo a TikTok daga gidansa a Nashville, yana bayani kan fim da tarihi da halayyar ɗan Adam, ya tara mabiya dubu ɗaruruwa waɗanda da yawansu ba su san yana rubuta littafi ba sai da ya ɗaga shi ya nuna. Horon Cracked ne ya yi masa rana, don ya san daƙiƙa ukun farko su ne komai. Ita ma TikTok ɗin ba abar dogaro ba ce: dokar da aka sa wa hannu a Afrilun 2024 ta sa manhajar ta ɗauke na wasu sa'o'i a Amurka a Janairun 2025.

Dubi yadda dodon nasa ya yi ta sauya kama. A littafin Dave da John na uku, na 2017, halittar tana dasa wa mutane tunanin ƙarya har su yi ta neman yaran da ba a taɓa haifa ba. A na huɗu, na 2022, abin wasan yara ne da ke haɗe da manhajar waya yana neman a ciyar da shi, gefe guda ga ƙungiyar asirin samari masu jin haushin duniya. Da ya zo I'm Starting to Worry About This Black Box of Doom a 2024, sai ya yar da aljanu da ƙwayoyin sihiri gaba ɗaya. Wani direban motar haya ta Lyft, Abbott, wata baƙuwar mata ta yi masa tayin dala 200,000 ya kai ta daga Kalifoniya zuwa birnin Washinton da wani baƙin akwati, da sharaɗin ba leƙawa, ba tambaya, ba tafiya da waya. Kafin su yi nisa, masu bin diddigi a dandalin tattaunawa na Reddit sun haɗa guntun hoto da guntun zargi sun tabbatar wa kansu cewa harin ta'addanci ake shiryawa, jita-jita ta zama gaskiya a idon dubbai, mutane na bin motar da makamai. Duk abin da ke ban tsoro a littafin nan abu ne da zai iya faruwa gobe, kuma akwatin da ya fi haɗari shi ne wanda mai karatu ke riƙe da shi a hannu.

Yana da nasa aibun. Tsohon marubucin maƙala bai mutu a cikinsa ba, don haka sau da yawa jarumi kan tsaya tsakiyar gudun ceton rai ya yi lacca ta shafi uku kan tattalin arziki ko kaɗaicin samari, kana jin muryar marubucin ce aka sa wa rigar wani. A littafin 2024 abin ya yi yawa, wasu surorin muhawara ce kawai a cikin mota. Ga kuma batsa. Barkwancin John bai san kunya ba, littafin Zoey na biyu ma sunansa ba ya faɗuwa a gaban surukai, kuma littafin farko na ɗauke da kalaman da intanet ɗin farkon shekarun 2000 ke ɗauka wasa, waɗanda yau suke sosa rai. Fina-finai da waƙoƙi da kayan kantin Amurka da yake ambata ma kan sa wasu rahar su wuce baƙo ta saman kai.

Wanda Turancinsa ya kai kuma yake son gwadawa, ban ba shi shawarar farawa da John Dies at the End ba, duk da shi ne ya fi suna. Ya fara da littafin akwatin, wanda ba ya buƙatar sanin komai kafin a shiga, ko da labarin Zoey na farko in almarar kimiyya yake so. Mai neman tsoro tsantsa ya nufi na gizo-gizon, ana iya bin sa ko ba a karanta na farko ba, sai dai ba littafin da za a bar wa yara a falo ba ne.